Zanen da ke Hannun Ummi

Ba zan taɓa mantawa da ranar lallen amarya Zainab ba, duk da na sha roƙon Allah Ya mantar da ni. A unguwar Badarawa ne, tsakar gida cike da mata. Ni kuwa malamar ba da shawara ce a wata sakandare (wato aikina sauraron yara, ku riƙe wannan).

Mai lalle ta naɗe hannun rigar Ummi, ɗiyar ƙanwata da ta zo hutu daga jami'a, sai ga zanen ganye baƙi a wuyan hannunta. "Wa ya riga ni?" in ji mai lalle. Ta goga, bai fita ba. Tatu ne, zanen allura da ba ya gogewa.

Da na yi shiru, da an wuce wurin. Amma na taɓa karanta rabin wata maƙala kan alamun damuwar ƙwaƙwalwa a matasa, kuma ilimin yana ta yi mini ƙaiƙayi. Na damƙe hannun yarinyar na ɗaga sama kamar kayan gwanjo.

"Kun gani? Alamar taɓuwar ƙwaƙwalwa ke nan. Mai cikakken hankali ba ya zane jikinsa."

Hajiya, mahaifiyarmu, ta janye mayafi ta nuna jarfar wuyanta, wadda wanzami ya yi mata tana budurwa, wadda na girma ina kallo. "To, Malama, ashe mahaukaciya ce ta haife ki."

Aka fashe da dariya, har da mai guɗa.

Wannan kunyar mai sauƙi ce. Babbar tana ƙarƙashin yatsana: layi-layi masu tudu, tabon yankan da ta yi wa kanta ne ganyen ya rufe. Ummi ta gane yatsana ya ji tabon. Ba ta fizge hannunta ba, sai ta ce a hankali, "Anti, ai na ce miki ina son mu yi magana."

Ta faɗa kuwa, ba sau ɗaya ba. Ni kuma na ce ta rage riƙe waya.

Hajiya ta sauke mata hannun riga, ta ja ta ɗaki.

Yanzu Ummi tana ganin likita, kuma da sauƙi, alhamdulillahi. Hajiya ke raka ta. Ni kuwa gaisuwa ce tsakaninmu, cike da ladabi, irin wadda ake yi wa maƙwabciya, hannun rigar Ummi kuwa kullum har yatsu.

Na koma na ƙarasa maƙalar. Can ƙasa aka ce a ja yaro gefe, a tambaye shi yadda yake ji, a saurara. Tun daga ranar, sai na kai ƙarshen shafi nake buɗe baki.