Alhaji Ganda da Shari'ar Rijiya

Allah ya yi wa garin Ɗanzomo baiwa da Alhaji Gudaji, kuma in ka manta, shi da kansa zai tuna maka. Ya dawo daga Makka a ƙafa a shekarun da Nasara suka gama shata iyaka a Maigatari. Sauran alhazai da ruwan Zamzam suke dawowa. Shi da ƙunshin saiwa ya dawo, wai wani Ba'indiye ne ya ba shi a Jidda don ya ga alamar girma a goshinsa. Sunanta ashwaganda. Bakin mutanen gari ya kasa ɗaukar sunan duka, sai suka yanko wutsiyarsa suka liƙa masa: Alhaji Ganda. Shi a zatonsa sarauta ce.

Kullum da hantsi matarsa Murja takan dama masa garin saiwar a madara, ya fito ƙofar gida ya sha a gaban jama'a.

"Wannan saiwa ƙarfin doki take sa wa mutum," in ji shi. "Tana wasa ƙwaƙwalwa, tana korar ciwon gaɓɓai, tana sanyaya zuciya. Ni yanzu fushi ya bar ni har abada."

Kawu Ilu, dattijon unguwa, ya ce, "Warin dokin dai mun ji, Alhaji."

Mai sanyin zuciya ya bi shi da sanda har bakin masallaci.

Ran kasuwar Maigatari kuma ya ture 'yan dako, ya ce shi kaɗai zai ɗora wa raƙumi buhun gero. Aka dawo da shi gida a kwance kan jaki. Ya ce saiwar ce take sake jera masa ƙashin baya.

Ita saiwar ba ta da laifi. Murja kan ɗibi kaɗan a ɓoye ta kai wa Iya, maƙwabciyarsu mai ciwon gwiwa, tsohuwar kuwa ta ce ta ji sauƙi. Da labari ya iso wa Alhaji, ya ce albarkar hannunsa ce, ya koma rataya ƙunshin a wuya.

Ana nan sai mutanen wani ƙauye na kusa suka kai ƙara wurin alƙali a Gumel, wai rijiyar da unguwarsu Alhaji take sha tasu ce, a gonarsu take. In ta tafi, sai mata su riƙa zuwa tafki mai nisa. Dattawa suka so Kawu Ilu ya yi magana a madadinsu.

"A cikinku wa ya taɓa tsallake teku?" in ji Alhaji. "Ni ne wakili. Wanda ya buɗe baki a gabana, ba ni ba shi."

Ranar shari'a ya sa Murja ta zuba garin har madarar ta koma kunu.

"Alhaji, bai yi yawa ba?"

"Ke Murja, babbar magana babban magani take so."

A zauren alƙali masu ƙara suka fara bayani. Alhaji ya lumshe ido, ya sunkuyar da kai. 'Yan Ɗanzomo suka riƙa taɓa juna: yana tara hujja. Da alƙali ya ce wakili ya ba da amsa, minshari ne ya amsa. Kawu Ilu ya girgiza shi, ya ja masa yatsa. Alhaji ya ce, "Murja, ja ƙofar," ya gyara kwanciya. Alƙali ya jira, ya gaji, ya ba masu ƙara rijiya.

Sai da la'asar ya farka. Ba kowa a zauren sai tabarmi. Ya miƙe, ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya zuba jawabinsa tsaf.

Washegari a bakin gari ya ci karo da mata sun ɗauki tuluna sun nufi tafki, Murja a cikinsu.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Na yi bayani daga farko har ƙarshe, babu mahaluƙin da ya iya musa mini ko kalma ɗaya."