Rasuwar Mai Tari, Jirgin Kwarin Okutsuna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Kuramochi Fusae nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jirgin ƙasanmu mai tarago ɗaya, wanda duk kwarin Okutsuna ke kira Mai Tari. Rai ya yi halinsa ranar Juma'a, ƙarshen watan Maris, bayan shekara arba'in da ɗaya a kan dogo. Ba ni na saye shi ba, amma duk wanda ya ce ba nawa ba ne, ya zo mu yi ta.

Marigayin mai cika alkawari ne. Ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, tara da minti goma yana tasharmu, yana tari kamar tsohon mashayin taba. Bai taɓa ƙyamar kwandon kabejina ba. Direbansa Hamaoka kuwa, in ya hango ni ina jan ƙafa a gangare, sai ya tsiri goge madubi har in iso.

Shekara uku shi ke kai ni asibitin gari duk Talata da Juma'a, wurin maigidana Tokuji, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ta kuma tafi da tunaninsa. Ya manta sunan 'ya'yansa, ya manta nawa. Amma da Mai Tari ya yi "fooo" a gadar bayan asibiti, sai Tokuji ya juya ya kafa wa ƙofa ido, don ya san tsohuwarsa na tafe da gasasshen dankali. Iyakar abin da ya rage mana ke nan.

Ciwon ajalinsa ba na inji ba ne, rashin mutane ne. Matasa sun watse birni, wani lokacin daga ni sai kujeru. Kamfanin jirgin ya duba ya ce babu magani.

Ranar da zai cika, sai ga masoya daga ko'ina, ɗaruruwa, kowa da kyamara a wuya, suna ɗaga hannu suna hawaye. Mutanen da ba su taɓa zuwa dubiya ba! Suka cika taragon maƙil. Ina ƙoƙarin kutsawa da sandata wani saurayi ya ce, "Kaka, ɗan matsa mana, kin shiga hotona." Na matsa. Jirgin ya tafi ya bar ni a tasha da dankalina, ya je ya yi kukansa na ƙarshe a gada, Tokuji ya yi ta kallon ƙofa har yamma.

Bayan mako guda maƙwabciya ta kai ni a motarta. Na shiga ɗakin shiru, ba kukan da ya gabace ni. Maigidana ya dube ni da ladabi ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Marigayin ya bar tashoshi bakwai, tsofaffi goma sha ɗaya, da wata bas da ta gaje shi mai zuwa ranar Litinin kawai, wadda gwiwata ba ta iya hawa matakalarta.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi a filin 'yan gwangwan, inda za a daddatsa gawar. Ba a buƙatar furanni, kuma don Allah kada a zo da kyamara. Na roƙa a cire mini hon ɗinsa kawai in kai asibiti, aka ce wani mai tara kayan tarihi daga Tokyo ya riga ni. Za a karɓi gaisuwa a asibiti, ɗaki na shida, gadon bakin taga. Mai gadon ba zai gane ku ba, kada ku ji haushi. Ni ma ba ya gane ni, haka nake zuwa.