Mataki na Huɗu

Na yi fataucin goro daga Kumasi har Khartoum, harshe biyar a bakina, amma a Agege na'ura ta kunyata ni.

'Yata Hadiza ta sa AI gina wa ƙungiyarmu manhaja. Kowane mataki sai ya tsaya neman izini. Da za ta Ikeja ta ce, "Baba, kar ka taɓa."

Ni? Ko kwastan bai tsare ni haka ba! Na rubuta masa ya gama duka, ban son tambaya. Ashe mataki na huɗu share tsoffin lambobin wayar mambobi ne, Hadiza ba ta kwafe ba. Sati uku ina bin rumfuna ina roƙon lamba.

Har yau marasa kunyar nan 'yan ƙungiyarmu in sun hango ni sai su ce, "Oga Injiniya, a share?"