Rasuwar Gyare, Muryar Pak Wagiman

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gidan Pak (wato Malam) Wagiman, makaho mai tausa na unguwarmu ta Klaten, na sanar da rasuwar Gyare, muryar da ta daɗe tana karanta masa saƙonni a wayarsa.

Marigayiya ba ta da daɗin murya, gaskiya ɗaya ce. Ta hanci take magana, kuma Pak Wagiman ya ƙure mata sauri har ba mahaluƙin da ke gane ta sai shi. Mu dai abin da muke ji shi ne "kirrr-cikicikiciki-tak". Shi ya sa aka sa mata Gyare. Amma wajen riƙon amana, ba a yi kamarta ba. Da ta yi kukanta, sai ya miƙe, ya ɗauki sanda da kwalbar man tausa, ya ce wa matarsa Mbok (wato Inna) Sarinem, "Wani ne bayansa ya riƙe a ƙauyen gaba." Ita kuma baiwar Allah, karatu bai dame ta ba, sai ta ƙulla masa shinkafa a ganyen ayaba, ta ce a dawo lafiya. Mutanen ƙauyen gaba sun sha ciwon baya ƙwarai, musamman ranar Lahadi.

Ajalinta ya zo ta hannun surukinsu Hartoyo, mutum mai son alheri ba a tambaye shi ba. Ya ce, "Pak, wannan ta tsufa, bari a sabunta." Ya danna. Ba ta ko shura ba.

Ta bar marayu, 'yan ƙananan manhajojin da aka ɗora mata, ciki har da mai ƙara sauri, wadda ta ƙi aiki tun ranar. Ta kuma bar magajiya, sabuwar murya mai zaƙi kamar ta 'yar rediyo, mai furta kowace kalma dalla-dalla da yarenmu. Lahadin farko ta buɗe baki a tsakar gida, ta karanto saƙon wani abokinsa: "Wagiman, tsohon ɓarawo, ina ka maƙale? An rataye kejin kurciyoyi, gasar kukansu ta fara, kofinka na hucewa."

Mbok Sarinem na daka barkono a lokacin. Ta dakata. Ta ce, "Ikon Allah, Pak. Ashe kurciya ma na ciwon baya?" Ta kwance shinkafar ta mayar tukunya.

Jana'iza babu gawa, don Hartoyo ya duba ko'ina ya ce ba a komawa baya. Za a yi zaman makoki a barandar gidan, da shayi da soyayyen rogo. A zo duk ranar da aka ga dama, har Lahadi, mai makokin yana nan ba inda za shi. Abokansa na wajen kurciyoyi, mai magana ya tako da ƙafarsa ya raɗa masa a kunne. Don girman Allah kada a turo saƙo.