Tafasar da Na Tsinko wa Jikokina

Daminar da aka ba mu Jigawa, aka mayar da ɗana aiki Birnin Kudu, ya kawo mini 'ya'yansa Kiyako su kwana biyu. A Kano aka haife su. Ko kuka ba su iya bambantawa da tsamiya ba. Na ce wannan abin kunya ba zai ɗore a gidana ba.

Na tasa su gaba muka shiga jeji. Ban yi boko ba, amma ganye ne ya raya ni shekarun yunwa, kuma na gaya musu haka. Na nuna musu kalgo da sabara, sannan na durƙusa na tsinko tafasa cike da hula, ban ko duba ba.

Da muka dawo, uwarsu, wadda ta zo tare da su, ta juya ganyen a hannu ta ce, "Baba, anya ba filasko ba ne?"

Na ce, "Dafa."

Ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli, amma ta hana yaran taɓawa. Don su san wanda ya san jeji, na cinye kwanon a gabansu, ina kallonta.

Filasko ne, mai sa zawo. Ranar Juma'a ce kuma. Liman bai gama huɗuba ba na tsallake sahu na fita da sauri, kuma ban dawo ba.

Babbar jikar tawa yanzu tana da nata 'ya'yan. Duk sanda ta zo gaishe ni, sai ta ajiye buta kusa da ƙafata, ta ce, "Angona, yau ma za mu jeji?"