Yadda Za Ka Kula da Kifin da Ba Ka Taɓa Gani Ba

Idan kai uba ne, kuma 'yarka mai karatun halittun ruwa a jami'a ta shigo maka gida da akwatin gilashi cike da yashi da ruwa, ta ce akwai kifi a ciki, kuma digirinta yana rataye da ransa, to nemi wuri ka zauna. Ni Maharazu, akawu a wata ma'aikata da ke Garki, na bi ta wannan hanya na fito da raina da rabin sumar kaina. Bi matakan nan yadda na jera su. Ina ba ka tabbaci, cikin mako uku ko kifin ya rayu, ko kai ka rayu. Idan da rabo, ku duka biyun.

Mataki na 1: Karɓi amanar kafin ka fahimce ta

Mu ce sunan 'yar taka Kausar, kamar tawa. Za ta ce an yi hutu, ɗakin gwajin makarantarsu ba wuta, ita kuma za ta Kalaba mako uku da 'yan ajinsu. Malaminta, Dakta Obadiah, da ƙyar ya samo mata kifin, babu na biyunsa. Idan ya mutu ko aikin ya lalace, sai ta maimaita shekara.

Kada ka yi tambaya. Ka daki ƙirji ka ce, "Haba Kausar, ni da na raine ku huɗu, kifi ɗaya ne zai gagare ni?"

Za ta miƙa maka littafi ta ce, "Baba, kullum da safe ka ƙirga ramukan da kifin ya yi a saman yashin ka rubuta. Ramukan nan su ne aikina na wata biyar. Ko me za a yi, kada a taɓa yashin nan."

Ka ce to. Uba na gari yana cewa to, daga baya ya shiga uku.

Mataki na 2: San baƙonka

Kifin tana ake ce masa, don siffarsa ta tanar ƙasa ce. An ce kaurinsa kamar fensir, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Na ce "an ce" saboda dalili. Asalinsa ɗan bakin teku ne, inda ruwa bai da zurfi kuma yashi ke da laushi. Idanunsa ƙanana ne, da hanci yake neman abinci, kuma duk rayuwarsa a binne yake yin ta.

Wato an ba ka amanar wanda babbar alamar lafiyarsa ita ce ba a ganinsa. Babbar alamar mutuwarsa ma ita ce ba a ganinsa. Ka riƙe wannan, shi ne duk ilimin.

Mataki na 3: Kawo teku Abuja

Ruwansa na gishiri ne, amma ba gishirin miya ba. Kausar za ta bar maka wani a leda da ɗan ma'auni mai yawo a kan ruwa. Ɓoye ledar. Matarka, mu ce Saudatu, za ta iya zuba shi a miyar kuka, kuma ba za ta ba ka haƙuri ba, za ta ce wa ya ce ka ajiye a kan kantar kicin.

Murfin akwatin ya zauna a rufe ruf. Ƙofar da allura za ta bi, shi ma zai bi. Ɗora ƙamus a kai. Idan ba ka da ƙamus, turmin daka yaji ya wadatar.

Akwai ɗan inji mai busa kumfa a ruwan. Idan aka ɗauke wuta kana ofis, nemi izinin zuwa gaisuwar mara lafiya. Ba ƙarya ka yi ba. Ka dawo ka tsaya da ludayi kana ɗiban ruwan kana zubawa daga sama, kamar mai fifita kunu, har a kawo.

Mataki na 4: Abinci

Jatan lande ɗanye yake ci, yankakke ƙanana. Je kasuwar Wuse wurin Madam Lydia mai kayan sanyi ka ce ta ba ka guda uku.

"Kwano uku, Oga?"

"Guda uku."

Za ta kalle ka daga hula har takalmi ta ce, "Oga, ko Hajiya ya yi yaji ne kana girki da kanka?"

Kada ka ce na kifi ne. Ni na faɗa, ta kira maƙwabtanta biyu su zo su ji.

Ajiye abincin a kan yashi ka tafi. Gobe za ka tarar babu. Ko shi ya ci, ko ruwa ya narkar. Masu hikima suka ce, abin da ya ɓace a gidanka ba tare da rigima ba, ka kira shi albarka.

Mataki na 5: Amsa waya

Kausar za ta kira kullum bayan la'asar. "Baba, ya kifina?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Bahaushe ko a gadon asibiti yake haka yake amsawa, balle a madadin kifi. Kada ka gaya mata ramukan sun tsaya a bakwai tun kwana biyar da suka wuce, ba ƙari ba ragi. Kai dai ka ci gaba da rubuta bakwai.

Mataki na 6: Nemi shawarar masani, sannan ka yi nadama

A mako na biyu Allah zai kawo maka Kawu Zakariyya daga Yawuri, ya zo ganin likitan ido. Shekara arba'in ya yi yana su a kogi. Zai tsuguna gaban akwatin, ya daɗe, ya ɗago.

"Maharazu, duba ka fara yi? Na ga yashi, na ga ramuka."

"A'a Kawu, kifi ne a ciki."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"Ita matarka ta gan shi?"

Saudatu za ta amsa daga kicin, "Kawu, ni kuɗin makaranta kawai na ga yana shiga ciki."

Kawu zai gyara zama ya ce ko gaiwa, da take kwana a taɓo har rani ya wuce, idan ta ji ruwa fitowa take. Sannan ya saki maganar da za ta rushe ka: "Baƙon da ya kwana uku a ɗakinka bai fito gaisuwa ba, ana buga masa ƙofa. Naka ya yi sha huɗu. Idan gawa kake wa hidima fa? Yarinya ta dawo ta ce me ka yi?"

A nan ne ilimin jami'a da tarbiyyar gida za su yi karo a ƙirjinka. Tarbiyya za ta ci.

Mataki na 7: Buga wa baƙo ƙofa

Ranar Asabar da hantsi, ari kwandon tace shinkafa da babbar roba. Saudatu ta riƙe robar, Kawu ya ba da umarni, kai ka naɗe hannun riga. Ɗebi yashin a kwando ka girgiza a cikin ruwa. Na farko ba komai. Na biyu ba komai. A na huɗu wani abu ja-ja, siriri, zai yi tsalle ya faɗa robar.

Saudatu za ta yi salati ta haye kujera. Kawu zai leƙa ya ce, "Wannan ne? Wannan ai da shi muke kama kifi."

Yana da rai. Yi murna ta daƙiƙa biyu, sannan ka dubi akwatin. Ramukan wata biyar sun zama kunu.

Mayar da yashin, ka sa kifin a kai, ka ciro carbi. Ja Hasbunallahu wa ni'imal wakil har ya nutse. Da yake kai akawu ne, abin da ya faru sai ya shiga takarda. Rubuta: "Rana ta sha biyar. Na tone shi. Allah ya yafe mini. Ya koma cikin yashi bayan Hasbunallahu arba'in da ɗaya."

Mataki na 8: Ranar hisabi

Kausar za ta dawo, ta wuce abincin da aka yi mata, ta tsaya gaban akwatin. Ba za ta yi kuka ba, wanda ya fi kukan ciwo. Miƙa mata littafin ka sunkuyar da kai. Za ta karanta, ta sake karantawa, ta fita waje da waya.

Washegari Dakta Obadiah zai zo da kansa. Ka sa babbar riga, mutum ya sha faɗa cikin mutunci.

Zai buɗe shafin ya ce, "Malam Maharazu, ramuka sun tafi, wannan ba gyara. Amma a sashenmu ba wanda ya taɓa samun ƙarfin zuciyar tone wannan kifi ya auna saurin komawansa. Idan lissafin nan ya tsaya, Kausar tana da sabon aiki, ba maimaita shekara. Sai dai ba zan iya rubuta Hasbunallahu a jadawali ba. Karanta mini arba'in da ɗaya, in auna da agogo."

Karanta, cikin natsuwa da fitar da haruffa. Zai ce minti ɗaya da rabi.

"Dakta, kada ka rubuta," in ji Saudatu daga bakin ƙofa. "Ranar nan ko wakil ɗin ba ya kaiwa yake komawa farko."

Dakta zai cire tabarau ya share ido. "To, za a sake. Kimiyya ba ta karɓar shaida ɗaya, sai uku. Asabar biyu masu zuwa, kwando ɗaya, mutum ɗaya, carbi ɗaya, ni kuma da agogo. Kuma Malam, da irin tsoron ranar."

Ka ce to.

Sanarwa

Wanda ya bi matakan nan ya bi ne don kansa. Ba ruwana da kifinka, da hawan jininka, da abin da maigidanka na ofis zai ce idan ya nemi sanin asibitin da mara lafiyar yake. Ban kuma yi alkawarin malamin 'yarka zai zama mai fahimta ba. Abu ɗaya zan ƙara don Allah. Tsoro ba ya zuwa da gayyata. A Asabar ta biyu na kasa kai saurin, don hankalina ya kwanta, Dakta yana ta girgiza kai yana duban agogo. Sai Kausar ta zo bayana ta raɗa mini a kunne, "Baba, idan bai yi daidai ba, da ni da kifin za mu ƙara shekara a falon nan."

Hasbunallahu arba'in da ɗaya, daƙiƙa talatin da takwas.