Hatimin Hannun Hagu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tallafin Masu Sana'ar Hannu na wannan gunduma, gatan marasa ubangida, mazaunin hawa na uku, wanda ban taɓa gani ba sai sunansa a gindin takarda.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da rusunawa iyakar inda kafaɗata ta yarda, ina neman gafara kan munin rubutun nan. Da hagu na yi shi. Hannun dama yana ɗaure tun ranar tara ga Afrilu, da na faɗo daga kan wani gida mai hawa biyu. Sunana Kuramochi Shinpei, mai jera tayil a rufin gidaje, shekara talatin da huɗu ina sama. Likita ya ce in na ɗora wa hannun nan nauyi kafin Satumba, yatsun ba za su ƙara riƙe ko tsinken cin abinci ba. Shi ya sa na zo neman tallafin jinya, wanda nake zuba wa gudummawa duk wata ba fashi. Ga alherin da na samu, na jero shi don kada a ce ban gode ba.

Na ɗaya. Takardarku tana son ubangida ya shaida cewa ma'aikaci bai zo aiki ba. Ni kuwa shekara goma sha biyu ke nan da kamfanin da nake wa aiki ya ƙara mini girma, aka ce daga yau ni ne ubangidan kaina. Hular kwanon nan dai ita ce, motsa jikin safe a jere yana nan, Nabeshima mai kula da ma'aikata yana daka mini tsawa yadda ya saba. Abin da ya canja kawai, in na faɗo ba su san ni ba. Na kai masa takardar, ya ja iska ta haƙora, ya sosa ƙeya, ya ce, "Haba Kuramochi, ai kai ma kamfani ne yanzu. Ina ka taɓa jin kamfani ya tsaya wa kamfani?" To, sai na zauna na cike sama a matsayin ma'aikaci, na cike ƙasa a matsayin ubangida, na shaida cewa lallai mutumin nan bai zo aiki ba, don kullum ina ganinsa kwance a ɗakina yana kallon silin. Har na yi tunanin korarsa, matata Tokie ta ce ta riga ni wannan tunani tun da daɗewa.

Na biyu. Kun tambayi wanda ya ga faɗuwar. Hankaka ɗaya ne a kan waya, bai kuwa bar adireshi ba. Tsohuwar da ke da gidan tana ciki tana kallon talabijin. Da na farfaɗo, na yi abin da uwata ta koya mini: na ɗauki tsintsiya da hagu na share tayil uku da na fasa, na buga ƙofa, na rusuna, na ba tsohuwa haƙuri kan ƙarar da ta ji, sannan na nemi asibiti. Baiwar Allah, don ta taimake ni, ta rubuto muku cewa ba ta ga faɗuwa ba, amma ta ga mutum mai tarbiyya yana shara. Masananku suka duba, suka ce mai iya shara bai kasa aiki ba. Wannan hikima ta burge ni. Ashe kamata ya yi in miƙe a ƙofar gidan mutane ina kururuwa har in tara unguwa? A wace makaranta aka koya mana haka?

Na uku, shi ne ya fi ci mini rai. Hatimi, wanda a ƙasar nan shi ne sa hannun mutum. Dokarku ta ce mai hatimi shi zai buga abinsa a gaban ma'aikaci, tambarin kuma ya fito daidai da wanda na yi wa rajista ina saurayi. A gida na gwada da hagu a kan jarida, a kan kalanda, har a murfin kwalin shayi, duk suka fito tsaf. Amma da na tsaya a taga ta huɗu ta ofishinku, layi a bayana, na buga, sai hatimin ya ɗan zame. Usui-san, ma'aikaciyar tagar, yarinya ce mai ladabi, ba na kuka da ita. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta ɗora gilashin ƙara girma, ta kira sunana da girmamawa, ta ce, "Kuramochi-san, ka gafarce ni ƙwarai da gaske, gefen dama ya ɗan goge." Tokie ta ce, "Kawo nan in buga masa, shekara talatin ni nake buga komai a gidan nan." Aka rusuna mata, aka ce ba ya halatta. Sau uku takardar tana hawa sama wurinku, sau uku tana dawowa, kowace da wasiƙa mai farawa da yi mini murnar tohon ganye da fatan ina cikin ƙoshin lafiya. Na gode da fatan. Abin da ban gane ba, ranka ya daɗe, ta yaya mutum zai tabbatar hannunsa ya lalace, in sai da lafiyayyen hannu ake tabbatarwa?

Na huɗu gajere ne. Kowace dawowa tana cin mako biyu da 'yan kai, wa'adinku na kammala neman tallafi kuwa kwana sittin ne daga ranar faɗuwa. Ya cika ranar Juma'ar da ta wuce.

Duk da haka zaman jiran bai tafi a banza ba. Na lura da shuɗin bokitin da kuka ajiye gefen taga ta huɗu tun shigowar damina, yana tarar ɗigon da ke bin bango tun daga sama. Na san ɗigon nan. Ni na jera rufin ofishinku shekara goma sha tara da suka wuce, matsalar tana layi na uku daga indararo, ta arewa. Kun ba kamfani gyaran, kamfani ya ba Nabeshima, jiya Nabeshima ya bugo mini waya: "Kai ka jera, kai ka san kansa. Litinin da safe. Hannu ɗaya ma ya ishe ka." Na leƙa mazubin shinkafa, na hango gindinsa, na ce masa to. Tun daga lokacin Tokie ba ta yi mini magana ba, ta kuma ɓoye takalman aikina, amma na san inda take ɓoye abu. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Shekara talatin da huɗu ban taɓa duba ƙasa ba, yanzu ko tsani na gani sai in kau da kai.

Saboda haka roƙona ɗaya ne, ba na kuɗi ba. Ranar Litinin da ƙarfe tara zan kasance a kan rufinku, daidai saman kujerarka. Don girmanka, ka buɗe taga, ka tsaya da kanka, hatiminka a aljihu. In hannun ya riƙe, kun huta da bokiti. In bai riƙe ba, wannan karon akwai mai shaida wanda ofis ba zai ƙi ba. Ni kuma na yi alkawari ba zan taɓa tsintsiya ba.

Naka mai biyayya, a tsaye ko a kwance, yadda Litinin ta bar ni,

Kuramochi Shinpei,
ma'aikaci, kuma ubangidan ma'aikacin.

Ga hatimina nan a ƙasa. Gefen dama ya ɗan goge.